Masar Mode

A Runjin Sambo, idan ka bi layin masu gyaran keke-napep har ƙarshe, inda kwata ta karya ta yi yamma, akwai wata rumfar kwano da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Yanzu mai sayar da gawayi ne a cikinta. Amma sama da shekara talatin rumfar Mode ce, kuma har yau da sunansa ake yi wa baƙo kwatance a wajen.

Mode maƙeri ne ɗan maƙeri. An haife shi a Tungar Maje, wani ƙauye can gabas da Sakkwato, inda mahaifinsa yake ƙera fartanya da gatari idan damina ta kusa, da rani kuma ya gyara wa maharba bindigoginsu na toka. A gindin wannan maƙera ya fara ganin yadda ake narka darma, ba farar nan da ake tukwane da ita ba, baƙar mai nauyi, wadda masunta ke ɗaura wa birgi, ragarsu ta kamun kifi, don ya nutse, maharba kuma su ɗura a bindiga. Ya shigo birni yana da shekara ashirin da 'yan kai, a wata shekara da gero ya ƙone a tsaye. Ya iske maƙeran ƙarfe sun cika gari, kowa da masu sayensa tun kaka da kakanni, ba inda baƙo zai sa ƙafa. Darma ce kawai ba wanda ya damu da ita. 'Yan gwangwan suna tsinto ta gutsi-gutsi daga tsofaffin batura da tsofaffin bututu, duk datti, su rasa mai saye. Sai Mode ya kafa murhu ya shiga karɓa. Ya narka, ya kwashe dattin da ke tasowa sama, ya zuba mai tsabta ta daskare, ya sayar wa masuntan Kwalkwalawa da masu liƙin lagireto da maharba.

Narkawar ba ta taɓa ba shi wahala ba. Abin da ya cinye masa shekaru shi ne mazubi, wato abin da zai zuba narkakkiyar darmar a ciki ta daskare.

Da farko ya yi yadda ya ga mahaifinsa yana yi, ya tona ramuka a yashi ya zuba. Yashi ya riƙa manne wa curin, masu saye suna ƙorafi cewa ƙasa ake auna musu. Ya je wurin wata mai ginin tukwane ta yi masa ƙananan kwanukan laka. Waɗannan sun yi kyau kwana biyu, sannan suka shiga tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana da damina ya zuba a wani da bai gama bushewa ba, darmar ta yi tsartuwa ta watsu masa a damtsen hagu. Tabon yana nan, fari fat, kamar an ɗiɗɗiga masa kunu. Ya gwada gwangwanin madara, darmar ta kama jikin gwangwanin sai an yage shi da almakashin ƙarfe. Wani mai walda ya haɗa masa doguwar kwarya ta ƙarfe, ita kuma sandunan da take fitarwa suka yi tsawo da nauyi. Masuncin da yake son ɗan kaɗan sai an tsaya an sare masa da kurfi, rabin yini ya tafi a sara.

Matarsa Dijatu tana tuyar masa a ƙofar gida kowace safiya. Tana da wata tsohuwar tanda ta baƙin ƙarfe mai gida goma sha biyu, wadda gefenta ɗaya ya ɓalle, ta jingine ta a bayan randa ta sayi sabuwa. Wata safiya Mode yana zaune yana jiran a ba shi karin kumallo, yana kallon yadda take juya masar da tsinke tana faɗowa ba ta kama ba, sai ya tashi ya ɗauko tsohuwar. Dijatu ta ƙi da farko, ta ce tandar mahaifiyarta ce. Suka yi kwana uku ana ja. Daga ƙarshe ta bari, amma ta kafa sharaɗi, in ta shiga rumfa ta shiga ke nan, kada ta sake ganin ta a inda ake abinci.

Tandar ta yi daidai kamar don aikin aka ƙera ta. Ya ɗumama ta a wuta, ya zuba, ya ɗan jira, ya kife ta a ƙasa, curi goma sha biyu su zubo sumul, kowanne ya cika tafin hannu, ƙasa a kumbure sama a shafe. Masunci ya ɗauki biyu ko uku ya sa a aljihu. Ba a daɗe ba sunan ya bi gari. A bakin gulbi da kasuwar Kara ba wanda yake cewa curin darma, sai dai a ce masar Mode. Ba wani mai narka a garin da yake zuba irin wannan siffa, kuma Mode yana alfahari da hakan.

A kan wannan tanda ya ciyar da gida. Ya aurar da ƙannensa biyu, ya sayi ɗan fili ya gina ɗaki uku. 'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya so zaman murhu, ɗaya ya tafi Kaduna yana tuƙin mota, ɗaya yana sayar da wayoyi a kasuwa. Autarsa Wasila ita ta yi karatu mai nisa, ta koyi aikin gwajin jini, ta samu wuri a wani ƙaramin asibiti a Mabera.

Kowace shekara bayan an gama girbi, akwai baƙon da Mode ke jira. Maccido ne, abokinsa tun suna yara, tare aka yi musu kaciya a Tungar Maje. Maccido manomi ne, maharbi ne kuma da rani. Yakan zo da ƙyafaffun zabi a cikin buhu da ɗan gero na Dijatu, ya kwana biyu, su zauna a rumfa suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure a gida. Ranar komawa ya ɗauki masar darma biyu. Biyun nan su ne na shekararsa duka, don shi mutum ne da ba ya harbi sai ya tabbata.

Jikin Mode ya fara ba shi labari tun yana da hamsin da 'yan kai. Ciki ya riƙa murɗa masa, ya yi kwana uku bai zaga ba. Bakinsa kullum ɗanɗanon ƙarfe, ko masar Dijatu ba ya jin daɗinta. Yakan tashi da safe kamar wanda ya yini yana dako. Mutumin da aka sani da haƙuri ya koma mai saurin faɗa, ya yi wa mai saye tsawa a kan abin da bai kai ba, bayan ɗan lokaci kuma ya manta abin da ya haɗa su. Sai hannun dama ya fara saki. In ya ɗaga kasko da awartaki, wuyan hannun ya lanƙwashe ƙasa ba da son ransa ba. Ya ce basir ne da tsufa, ya shiga shan jiƙe-jiƙe. Wasila ta ce masa hayaƙin darmar ne yake shiga jininsa, ta roƙe shi ya zo ta ɗiba a auna. Ya ce mahaifinsa ya shekara saba'in a bakin murhu ba wanda ya auna shi. Ta sayo masa abin rufe hanci. Ya sa kwana biyu, ya ce yana hana shi numfashi, ya rataye a ƙusa.

A shekarun ne kuma daji ya lalace. Labari ya fara zuwa daga nesa, an kore shanu, an tare hanya, an ɗauke mutane. Sannan ya matso. Maharba suka daina shiga daji, don wanda ya shiga neman zomo bai da tabbacin fitowa. Mode ya ɗauka cinikin darma zai ja baya. Sai ya ga akasin haka. Mutanen da bai taɓa gani ba suka riƙa tsayawa a bakin rumfa. Wani ya ce shi ɗan sa-kai ne, garinsu suke tsaro. Wani ya ce masunci ne, amma tafin hannunsa babu kantar igiya. Mode ya riƙa kallon fuskoki yana ƙoƙarin karanta su, ya sayar wa wannan ya hana wancan, shi kansa bai san da wane ma'auni yake aiki ba. Wani lokaci ya hana mutum, mutumin ya tafi, ya yini yana tunanin ko mai gaskiya ya kora.

Wanda bai taɓa zarga ba shi ne Gazali, wani ɗan gwangwan da ya shekara goma yana kawo masa kaya. Gazali ya ce ya samu masu liƙin lagireto a wasu garuruwa da suke son mai tsabta, zai riƙa kawo ɗanya ya karɓi narkakkiya. Mode ya ji daɗi, don ya huta da tantance baƙi. Wata shida ana haka.

Wata Talata da hantsi, yana tsakiyar zubi, mota ta tsaya a bakin layi. Jami'an tsaro uku suka sauko, ɗaya yana riƙe da buhu. Ya zazzage shi a gaban rumfa. Masar Mode ce, ta fi hamsin. An same ta a ƙarƙashin buhunan shinkafa da jarkokin mai, a wata mota da aka tare tana kai wa mutanen daji kaya. Ba su sha wahalar nemo shi ba. Masunci na farko da suka nuna wa ya faɗa musu suna da unguwa. Mode ya roƙi su bari ya kashe wuta, suka bari. Ya shiga motar mutanen layi suna tsaye suna kallo.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannunsu. Ba wanda ya taɓa shi, haka ya faɗa wa duk wanda ya tambaya. Tambaya ce dai iri ɗaya kullum: wa ka sayar wa, yaushe, ina yake zaune. Ya faɗi sunan Gazali tun ranar farko, aka je ba a same shi ba. Sauran kuwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tuna, kansa ya ƙi. Fuskoki suna zuwa masa babu suna. Mai tambayar ya ɗauka taurin kai ne, har sai da ya ga Mode ya kasa riƙe kofin ruwa da hannun dama.

Jami'in bai wuce sa'an babban ɗan Mode ba, idanunsa jajur da rashin barci. A rana ta tara ya ajiye biro, ya ɗauki curi ɗaya daga kan tebur yana juya shi a hannu.

"Baba, na yarda kai ba ka san su ba," ya ce. "Manyansu ma ba sa bukatar kayanka, nasu bindigogin sun fi wannan. Amma yaran da ke bin su da na toka, da wannan suke ɗurawa. Ka taɓa tunanin guda ɗayan nan mutum nawa zai isa?"

Mode ya ce shi tun da ya baro gida bai taɓa ƙera harsashi ba, curi yake zubawa.

"Na sani," in ji jami'in. "Ai ban ce ka ƙera ba."

Mai unguwa da limamin masallacin layi su suka tsaya masa. Ya dangwala yatsa a takarda cewa ba zai sake sayar da curin darma ga kowa ba sai masunta da aka sani, in ya sake kuma ba beli. Gazali ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu sun ce ya tsallaka iyaka, wasu sun ce shi ma bai san inda kayan ke ƙarewa ba, tsoro ne ya kore shi.

Kashegarin fitowarsa Mode ya je rumfa, ya ɗauko tandar, ya ɗora ta a kan uwar maƙera. Da hannun hagu ya riƙe masaba, don haka sai da ya yi ta bugu kafin ta fashe. Bai bar gida ko ɗaya da zai riƙe ƙullu ba, don kada wata ta tsince ta a bola ta ce ta samu abin tuya. Dijatu ta ji labari, ta yini a ɗaki ba ta fito ba.

Sai neman mazubi ya dawo sabo, yana da shekara sittin. Wannan karon ba mai sauƙin zubi yake nema ba, wanda kayansa ba za su yi wa kowa amfani ba sai mai birgi yake so. Ya yi mako uku yana yawo tsakanin masu walda da kasuwar Kara a cikin zafin bazara, ya hau keke-napep ya sauka, ya zana wa wannan a ƙasa ya zana wa wancan. Daga ƙarshe aka haɗa masa faranti biyu na ƙarfe masu haɗewa, suna fitar da 'yan ƙananan darma kamar ƙwallon dabino, kowace da huda a tsakiya inda igiya za ta bi. Aikin ya ninka wahala, riba ta ragu, hannu kuma ga yadda yake. Amma ya samu ɗan kwanciyar rai. Ranar da ya kai na farko bakin gulbi, wani tsohon masunci ya yaba, ya ce sun huta da huda. Sannan ya ƙara da dariya, ba da wata manufa ba, cewa ai darma darma ce, wanda yake so ya jefa waɗannan a kasko sun koma ruwa. Mode ya san haka tun kafin ya fara yawon. Jin maganar a bakin wani ne ya sa ya koma gida ya kwanta tun la'asar.

Maccido ya zo a farkon damina, lokacin da bai taɓa zuwa ba, lokacin da manomi ba ya barin gona. Babu buhu a hannunsa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Suka gaisa, Mode ya shimfiɗa masa buhu a inuwar rumfa, aka kawo ruwa. Maccido ya ce sau biyu ana shiga Tungar Maje cikin wata ɗaya. Na farko an kore shanu, na biyu an tafi da mata huɗu, sai da gari ya sayar da hatsin rumbu aka karɓo su. Yanzu an aiko cewa ba mai shuka sai da izini. Dattawa sun zauna, an ƙirga bindigogin toka goma sha huɗu a garin. Albarushi suna da shi. Darma ce babu.

Mode ya ba shi labarin buhun da aka zazzage, da kwana goma sha ɗaya, da takardar da ya dangwala wa yatsa. Maccido ya ce ya ji duk wannan tun a gida.

"To in ka jiya, mi kaka so in yi?" in ji Mode.

"Ni na, Mode. Ba baƙo ba na. Kabarin ubanka yana garin ga," in ji Maccido.

"Na sani. In anka tare ka bisa hanya da ita, ba su tambayar ko kai wa na. Ni za su zo ma wa. Kuma ko ba a tare ka ba, in sunka fi ƙarfinku sunka kwashe, ta koma hannunsu."

Maccido ya dubi tiren da ƙananan darmar birgi ke ciki, ya ce ko waɗannan ne a ba shi, ai shi ma ya taɓa jefa birgi a tafki. Mode ya ce, yana kallon ƙasa, "Ban iyawa. Wallahi na gaji, Maccido. Ban iya komawa wurin can."

Maccido bai ja maganar ba. Dijatu ta aiko da tuwo, ya ci loma uku ya wanke hannu. Ya ce zai kama motar azahar don hanya ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi. Mode ya raka shi har bakin titi. Da ya ga ya tsallaka, ya ɗaga hannu zai kira shi, sai wata tifa ta gitta, kafin ta wuce Maccido ya shige cikin mutane. Mode ya tsaya a wurin har wani mai babur ya yi masa oda.

Bayan mako bakwai aka tashi Tungar Maje. Ranar kasuwa ce, da rana tsaka. An kashe mutum goma sha tara, aka ƙone rumbuna, sauran suka watse da abin da ke jikinsu. A cikin waɗanda aka binne har da ƙanen Maccido da babban ɗansa. Wani ɗan garin da ke sayar da albasa a birni shi ya kawo wa Mode labari, ya kuma tabbatar masa Maccido yana raye.

Mode bai buɗe rumfa ba kashegari, bai buɗe ba jibi. A rana ta huɗu cikin ya murɗa masa irin wanda bai taɓa yi ba, har ya faɗi a tsakar gida. Wannan karon Wasila ba ta roƙe shi ba. Ta kira keke-napep, aka kai shi babban asibiti. Da sakamakon jini ya fito, likitan ya tambaye ta ko mahaifinta a masana'antar batir yake aiki. An kwantar da shi mako biyu ana ba shi maganin da ke fitar da darma daga jiki. Ciki ya lafa, kansa ya ɗan washe. Hannun kuwa likita ya ce kada a sa rai sosai. Ya kuma ce in ya koma bakin murhun darma, to kada a wahalar da kai a sake kawo shi. An auna Dijatu ita ma, don shekara talatin tana wanke kayan aikinsa, aka samu tana da nata rabon, bai dai kai nasa ba.

Mode bai yi gardama ba, abin da ya ba Wasila tsoro fiye da in ya yi. Ya ba wani ɗan masunta faranti biyun nan kyauta, ya ce masa ya riƙa zubi a fili inda iska ke kaɗawa, kada ya ci abinci bai wanke hannu ba. Ya saki rumfa. Ya koma zaman ƙofar gida kusa da murhun Dijatu, yana miƙa wa masu sayen masa da hannun hagu.

Ya san inda Maccido yake tun watan farko. Mutanen Tungar Maje sun bazu cikin birni, wasu a kangaye a Minanata, wasu wurin dangi. Maccido ya samu gadin wani gida da ba a gama ginawa ba a ƙarshen Mabera, yana zaune a ɗakin ƙofa da matar ɗansa da jikoki uku. Mode ya aika da gero ta hannun mai albasa, ya aika da tufafi, ya hana a faɗi daga inda suka fito. Zuwa da kansa ne ya gagara. Sau biyu yana sa riga ya kai bakin titi ya dawo. Damina ta wuce, rani ya wuce. Sai da hadari ya sake fara haɗuwa Dijatu ta ce masa ta gaji da ganin mutum yana zaune kamar wanda aka yi wa rasuwa bai je gaisuwa ba, ko ya tafi yau ko ita ta tafi.

Ya iske Maccido a cikin filin gidan, tsakanin tarin bulo da yashi, yana tsugune yana cire duwatsu daga ƙasa. Ya tsufa kamar ya ƙara shekara goma. Ya ɗago ya ga Mode, ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa, ya ce ashe ana ganin ku. Suka zauna a kan bulo. Mode ya yi masa ta'aziyyar ɗa da ƙane, wadda ta makara da wata goma. Maccido ya amsa kamar jiya abin ya faru. Ya ce ya ji an kwantar da Mode asibiti. Ya kuma ce geron ya iso, ya gane ɗaurin buhun Dijatu.

Sai Mode ya yi tambayar da ta kawo shi, ko da ya ba da darmar da abin ya canza.

"Mun samu wurin wani," in ji Maccido. "Kowa ya harba sau guda. Kahin mu sake ɗurawa sun shigo gari." Ya ɗauki ɗan dutse ya jefar. "Ba ta hana komi ba. Amma ranar da nit taho gare ka, na ji zahinka ƙwarai. Ban ɓoye maka."

Mode ya ce ya sani. Bai nemi a yafe masa ba, Maccido kuma bai ce ya yafe ba. Jikar Maccido ta kawo ruwa a kofin roba suka sha.

Daga nan Maccido ya nuna masa filin. Mai gidan yana Abuja, ya ce ba zai ci gaba da gini ba sai baɗi, ya yarda a shuka ɗan wake da kuɓewa a bayan ɗakuna. Matsalar fartanya ce. Guda ɗaya ya fito da ita daga gida, ita ma bakinta ya lanƙwashe ya dakushe a kan duwatsun wurin. Ya ɗauko ta ya miƙa. Mode ya juya ta, ya duba, ya ce ƙarfen mai kyau ne, wuta kawai take so da ɗan bugu. Sai ya ɗaga hannun damansa ya nuna yadda yake reto.

Maccido ya ce shi nasa hannun lafiya lau.

Suka tara guntayen katakon da magina suka bari, suka hura wuta a tsakanin bulo uku. Babu zugazugi, Mode ya riƙa fifita da murfin bokiti. Suka samu wani guntun ƙarfen rodi mai kauri a madadin uwar maƙera, da gudumar da wani birkila ya manta. Da bakin fartanyar ya yi ja, Mode ya riƙe ƙotar da hagu ya ɗora, yana faɗa wa Maccido inda zai buga, nan, a'a matso gefe, a hankali kada ta tsage. Maccido bai iya ba, rabin bugunsa a banza yake sauka, sai da aka mayar da ita wuta sau huɗu. Aikin da da Mode zai gama kafin shayi ya huce ya kai su har kiran la'asar.

Maccido ya gwada ta a ƙasa, ta shiga. Ya ce akwai wasu mutanen gida a Minanata da suka samu ɗan fili su ma, kayan aikinsu duk sun mutu. Mode ya ce su kawo nan ranar Asabar, amma a nemi gawayi, katako ba ya ba da wuta. Suka yi alwala da sauran ruwan bokitin, suka fita neman masallaci.